Motar Da Ba Ta Je Ko'ina Ba

Duk wanda ya san layin 'yan durom a Sharada ya san Alhassan Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi injiniyancin ba, ba kuma gareji ba. Shi ya raɗa wa kansa, tun ranar da ya gyara fankar masallaci ta koma tana hura rufi maimakon masallata. Sana'arsa ta gaskiya sayen tsofaffin durom ce daga kamfanoni, ya wanke, ya sayar wa 'yan ga-ruwa da masu manja. Amma ka ba shi benci da kofin shayi, ka kuskura ka ambaci mota, to ka yini. Ya san ciwon mota daga jin kukanta a ƙetaren titi. Ya san abin da Bature ya manta bai sa a inji ba. Abu ɗaya ne kawai bai taɓa yi ba, wato mallakar mota.

Ana nan sai mahaifiyarsa, Inna Ma'u, ta sayar da 'yar gonar da ta rage mata a gefen Challawa. Kamfanoni sun riga sun zagaye gonar, baƙin ruwan jima ya hana ta fid da ko kuɓewa, ga gwiwoyin Inna sun gaji da hawan adaidaita sahu. Ta kira Alhassan ɗakinta. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Kai wannan, zauna. Mota nake so ta gida, wadda za ta ɗauke ni da jikoki da tukwane. Mai shan gas, don an ce ta fi jimiri. Ga ƙanwarka Nafisa ta haihu, ranar suna nake so in sauka daga motata a ƙofar gidan surukanta, ba daga keken haya ba kamar buhun gawayi."

"Inna, ai kun kawo magana inda ya dace."

"Ban gama ba. Gonar nan ita ce ta ƙarshe. In kuɗin nan ya nutse, ni da mallakar ƙasa sai ta kabarina. Ka ji ko?"

"Inna, ni za a cuta a mota? Ni? Dillalan Kano in sun hango ni ɓoye mukullai suke yi."

"Za ka tafi da Ɗayyabu."

Fuskar Alhassan ta ɓaci. Ɗayyabu ɗan ƙanin Inna ne, taubashinsa, ɗan kasuwar yadi. Wasan taubasantaka ya ba shi damar faɗa wa Alhassan duk abin da ya ga dama a gaban kowa, kuma ba ya barin damar ta wuce a banza.

Bompai suka fara zuwa, don Ɗayyabu ya ji labarin wani dattijo, Malam Abdulwahid, tsohon manajan wani kamfanin alewa, ya yi ritaya yana son sayar da motarsa. Doguwa ce mai layin kujera uku. Fenti ya koɗe, kujerar direba ta lotsa, sitiyari ya yi sulɓi don riƙo. Dattijon ya murɗa mukulli sau ɗaya ta tashi, tana gurnani a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Alhassan bai saurari injin ba. Kai tsaye ya tura kai ta taga ya dubi mita, ya ɗago ya tuntsure da dariya har hularsa ta faɗi.

"Kilomita dubu ɗari uku da ashirin! Baba, wannan ai ta je Makka ta dawo, ta koma Umara, ta biya Legas ta gai da 'yan uwa!"

"Legas ɗin kuwa take zuwa," in ji dattijon. "Doguwar hanya ta sani. Ban taɓa wuce lokacin juye mata mai ba. Miliyan biyar na sa mata, ku kira bakaniken da kuke so ya kwance ta ya duba."

"Ga bakanike a gabanku."

"Injiniya," in ji Ɗayyabu, "ka ji kukan injin nan kuwa? In muka ɗauki wannan, Gwaggo za ta samu ragowa ta sayi gas, ta sayi maganin gwiwa."

"Arha ce take kashe ku, 'yan yadi. Tsaya in koya maka. Mota buhun gero ce. Kowace kilomita mudu guda ake ɗiba. Ka dubi mita ka san abin da ya rage a buhu. Wannan buhun an zazzage shi, an karkaɗe, ɓeraye sun yi sallama da shi."

Malam Abdulwahid ya kashe motarsa, ya ce Allah ya haɗa su da alheri, ya shige gida.

Daga nan sai wurin Yahaya dillali, mai ajiye motoci a bayan wata rufaffiyar masaƙa a nan Sharada. Can ƙurya ga wata mota, irin ta Bompai sak, shekararsu ɗaya, amma wannan sai sheƙi take yi da sabon fenti ruwan toka. Alhassan ya tura kai ta taga. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, ya dubi Ɗayyabu.

"Dubu ashirin da tara."

"Haka take," in ji Yahaya. "Miliyan takwas."

Kuɗin gonar ke nan cif, ko na shan ruwa ba zai ragu ba. Alhassan ya murtuke, don ya san Kano, ya san ana mai da mita baya kamar yadda ake rage wa bazawara shekaru. Nan ya fara nuna gwaninta. Ya durƙusa ya shafa robar birki da ta kuloci, ko gogewa ba su yi ba. Ya danna kujerar direba, ta taso masa kamar sabon burodi. Ya dubi tayoyi, na asali ne da motar ta zo da su, zanensu rangaɗau.

"Ka gani, Ɗayyabu? Mita tana ƙarya, amma kujera ba ta ƙarya. Yahaya, za ka rantse?"

Yahaya bai yi gardama ba. Ya ɗauki buta ya yi alwala a gabansu, ya dawo ya ɗaga hannu.

"Wallahi tallahi, babu hannun da ya taɓa mitar nan. Motar nan ba ta je ko'ina ba."

Ɗayyabu ya zaga gaban motar ya tsuguna. "To wannan ƙaton ramin da aka yanke a gabanta fa, daidai bakin inji, na mene ne?"

Yahaya ya buɗe baki, Alhassan ya riga shi.

"Iska! Motar ƙasar zafi ke nan, don inji ya sha iska."

"Kun ji daga bakin Injiniya," in ji Yahaya.

"Wannan wayar da aka ɗaure a totur fa?"

"Don doguwar tafiya. Ka ɗaure, ƙafarka ta huta."

"Kun ji daga bakin Injiniya."

"Warin nan fa? Wallahi kamar an binne akuya a ƙarƙashin kujera."

"Ƙanshin fatar kujera ne, baƙauye. Ba ka taɓa shiga sabuwar mota ba."

Yahaya ya dubi sama. "Injiniya ya faɗa."

Aka tayar da ita. Sai da aka murɗa sau uku ta kama, ta yi wani tari mai ƙarfe-ƙarfe, ta tofar da hayaƙi shuɗi da baƙi wanda ya kori kajin unguwar gaba ɗaya. Ɗayyabu ya toshe hanci ya ce a kira bakanike, ko na dubu biyu ne.

"Injin da bai yi aiki ba ke nan," in ji Alhassan cikin ihu don ya rinjayi ƙarar. "Ƙarfi ne ya taru ya rasa inda za shi. Kai in ka yini a kwance ba ka miƙa?"

Kafin la'asar gonar Inna Ma'u ta koma aljihun Yahaya.

Tun a hanyar gida motar ta nuna halinta. Ba tafiya take ba, tsalle take, gwaf, gwaf, gwaf, kamar kowace taya tana da ɓangare guda da ya baje. Kan Alhassan yana dukan rufi, yana ɗaga wa mutane hannu. Da ya shigo layi, yara da manya suka fito, rabi don kallo, rabi don sun zaci gobara ce.

Safara'u, matarsa, ta buɗe ƙofar baya ta rufe da sauri.

"Baban Shifa'u, wa ya mutu a ciki?"

"Ke dai ba ki san abin arziki ba. Kawo turaren wuta."

Ta kawo kasko ta turara. Turare da wari suka haɗu suka haifi wani abu na uku wanda ba shi da suna, ƙudajen Sharada suka yi gayya. Inna Ma'u ta fito da sandarta, ta zaga motar sau ɗaya, ta tsaya.

"Saura nawa?"

"Inna, abu mai kyau ai ba ya barin saura. Ku dubi mita. Jaririya ce."

"Jaririya da tarin tsofaffi. To. Allah ya kai mu suna."

Kwanakin da suka biyo baya layin bai huta ba. Kullum da safe motar sai ta sha galan na baƙin mai kafin ta yarda ta gaisa da kowa. Alhassan ya ce shayarwa ce, jariri dole ya sha. Maƙwabciya ta shanya farin zanen gado, ta kwashe shi launin toka, ta zo har ƙofar gida ta yi wa injiniyanci addu'ar da ba a maimaitawa. Mai shayin bakin layi kuwa roƙo ya zo yi.

"Injiniya, don Allah ka riƙa tayar da ita gab da magariba. Tunda ka kawo ta ban ga sauro ba."

Ana cikin haka sai ga Ɗayyabu a motar Bompai. Ya koma ya saye ta da kuɗinsa. Ya tsaya a bayan ta Alhassan, ko ƙarar tsayawarsa ba a ji ba.

"Lale da mai buhun da babu gero!" in ji Alhassan. "Ka riƙa yawo da igiya, taubashi, don in riƙa jan ka."

"Na saya, tana but a bayan mota. Sabuwa fil, ba ta je ko'ina ba."

Ranar suna, bayan azahar, aka fara lodi. Gidan surukan Nafisa yana wani ƙauye gaba da Challawa, mata kuma sai da rana suke taruwa. Aka sa Inna a gaba, ta ci ado da leshi da mayafi mai duwatsu. Safara'u da 'yarta Shifa'u da maƙwabta huɗu suka cika tsakiya. A baya aka jera kular waina, da babbar tukunyar miyar taushe, da kwallar zoɓo, da akwatin kayan jariri. Ɗayyabu ya ce a raba kayan biyu, ya ɗauki rabi.

"A sa miyar Inna a motar da ke jiran ajali? Ka dai biyo mu a baya. In ka ga mun ɓace maka, ka tambayi hanya."

"Ɓacewa kam ba za ku yi ba. Makaho ma zai bi sawunku da hanci."

Suka hau titin Panshekara. Gwaf, gwaf, gwaf. Murfin tukunya ya fara kiɗa. A tsalle na farko mai ƙarfi miyar taushe ta leƙo ta gai da mayafin wata maƙwabciya, a na biyu zoɓo ya bi sahu.

"Malam Alhassan, a hankali!"

"Ba ni ba ne, titin ne!"

"Titin da keke ke wucewa lafiya lau?"

Ba su yi nisa ba sai ji kake fam! Tayar baya ta fashe, robar ta wargaje kamar busasshiyar gurasa. Mata suka yi salati. Aka sauke kula da tukunya da kwalla a bakin titi don a ciro safaya. Safayar ma zanenta rangaɗau, amma jikinta duk tsaga kamar diddigen manomi. Ɗayyabu ya tsaya ya ba da jak, yana taya shi da baki.

"Injiniya, ita tayar ma ƙarfi ne ya taru mata?"

"Ƙusa ce. Maƙiya ke zubawa."

Aka mayar da kaya, aka ci gaba. Daidai inda hanya ta karkata zuwa kamfanonin Challawa, Alhassan ya ga Ɗayyabu na shirin wuce shi. Zuciya ta ɗebe shi, ya take totur har ƙasa. Totur ya sauka zuwa rabi, ya maƙale a nan, kamar wurin da ya saba zama ke nan tun fil azal. Ya ɗaga ƙafa, bai taso ba. Ya ƙara takawa, bai sauka ba. Motar ta kama wani kuka guda ɗaya, dogo, wanda ba ya hawa ba ya sauka.

"Kai wannan, rage gudu."

"Inna, ita ta zaɓi wannan."

"To wa ke tuƙa wani a cikinku?"

Ya bi ta kan wani tudun rage gudu bai rage komai ba. Waina ta tashi sama ta yi ruwa a kan mata. Shifa'u ta fashe da dariya, uwarta ta make ta. Sai ga tururi fari ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet ya rufe gilashi. Alhassan ya leƙa ta taga, ya hango wata babbar ƙofar kamfani da famfo a gefenta, ya karya sitiyari, ya danne birki da kuloci da ƙafa biyu. Motar ta ja, ta yi tari uku, ta saki wani dogon nishi, ta mutu a ƙofar.

Kamfanin jimar fata ne, kuma lokacin canjin aiki ne. Ma'aikata sun fi hamsin a gindin bishiyar darbejiya, suna cin shinkafa da wake a wurin wata mai abinci, Jummai. Tun kafin hayaƙin ya washe Jummai ta saki ludayi.

"Ku tsaya! Wannan tarin na san shi. Wallahi Hajiya Nepa ce!"

Ma'aikata suka ajiye kwanuka suka taso a guje. Suka kewaye motar, wani na shafa bonet, wani na leƙa ramin gaba, wani ya rungume madubi.

"Ita ce! An yi mata kwalliya!"

"Hajiya, ashe za ki dawo gida?"

"Kai, ashe tana tafiya! Ni ban taɓa sanin tayoyin nan na juyawa ba!"

Alhassan ya fito yana gyara babbar riga, wainar da ta maƙale a kafaɗarsa ta faɗi.

"Ku matsa! Wane irin ƙauyanci ne wannan? Ba ku taɓa ganin sabuwar mota ba?"

Dariyar da aka yi har maigadi ya leƙo. Jummai ta share hawaye da bakin zane.

"Sabuwa? Alhaji, tun ina goyon ɗana na fari motar nan take bayan ɗakin jima, yanzu yana sakandare. Maigidan kamfanin ne ya sayo ta, bai daɗe ba janareta ya ƙone, wuta kuwa ka san halinta. Sai aka ɗora ta a wuri ɗaya, aka yanke gabanta, aka sa bel daga bakin inji zuwa famfon ruwa."

"Dare da rana," in ji wani ma'aikaci mai takalmin roba, Bashir. "In an ɗauke wuta mu ce a tada Hajiya. Wuta kuwa kullum a ɗauke take. Bulo muke ɗora mata a totur, da bulon ya fashe muka ɗaure da waya. Ka ga wayar nan? Ni na ɗaura ta."

"Lagireto fa ya daɗe da mutuwa," wani ya ƙara. "Durom na ruwa muke jona mata da tiyo. Ina durom ɗin? Kun taho ba durom?"

"A kan injinta nake ɗumama miya," in ji Jummai. "In ruwan sama ya sauko kuma, a kujerun baya ake tara ɗanyar fata."

Matan da ke tsakiya suka dubi kujerar da suke zaune a kai. Suka fito a tare, ƙofa biyu ta yi musu kaɗan.

Ɗayyabu ya iso ya jingina da motarsa. Alhassan ya dubi taron, ya dubi Jummai, ya ga babu mafita sai wurin da ya saba. Ya tura kai ta taga, ya nuna da yatsa.

"Duk ku faɗi abin da za ku faɗa. Ga mita! Dubu ashirin da tara! An rantse mini da alwala!"

Ƙofar gaba ta buɗe. Inna Ma'u ta sauko da ƙafa ɗaya, ta huta, ta sauko da ɗayar, ta dogara sanda. Ta kakkaɓe waina daga leshinta, ta dubi Jummai.

"Ke 'yar nan, da tafiya motar nan take yi duk shekarun nan, da ina ta kai?"

"Inna, da ta zaga duniya ta dawo ta same mu muna cin wake."

Inna ta gyaɗa kai. Ta juyo ga ɗanta.

"Kai wannan. Dube ni. Tunda aka kawo ni gidan ubanka ban taɓa wuce Zariya ba. A tsakar gida ɗaya na yi daka, na yi surfe, na ja guga, na haife ku tara. Ban je ko'ina ba. To kama hannuna ka kai ni kasuwa, ka ce musu sabuwa ce ni."

Wani ma'aikaci ya ƙware da wake. Bashir ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Inna ta juya wa Alhassan baya.

"Ɗayyabu."

"Na'am, Gwaggo."

"Buɗe mini buhun da babu gero."

Aka kwashe abin da ya tsira na waina da miya aka mayar motar Bompai. Mata suka shiga suna shaƙar kujeru don tabbatarwa. Ɗayyabu ya buɗe but ya fito da igiya.

"Taubashi, ga ta. Ka ce in riƙa yawo da ita."

Haka suka shiga ƙauyen surukan Nafisa gab da la'asar sakaliya. Tsohuwar mota a gaba tana gurnani a hankali, Inna Ma'u a ciki ta haɗe rai. A baya, a ƙarshen igiya, sabon fenti ruwan toka yana tsalle gwaf, gwaf, Alhassan na riƙe da sitiyari, ƙudaje na rakiya. Uwar mijin Nafisa ta fito tarya, ta ce, "Masha Allah, Hajiya, har mota biyu?"

"Ɗaya ce," in ji Inna. "Ta bayan gonata ce, na taho da ita ta ga jariri."

Washegari Alhassan ya dira wurin Yahaya da kumfar baki. Yahaya ya saurare shi har ya gama, ya miƙa masa kujera.

"Injiniya, me na rantse a kai?"

"Mita."

"An taɓa ta?"

"Amma injin..."

"Ka tambaye ni inji? Abokinka ya tambayi rami, ka amsa. Ya tambayi waya, ka amsa. Ya tambayi wari, ka amsa. Ni mutum ne mai kunya, ba na katse masani."

Ya zaga duk dillalan da ya sani. Labari ya riga shi isa. Wanda ya fi tausayi ya ce zai saye ta a kan kilo, in an cire kujerun.

Inna Ma'u ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi zagi ba. Ta sa aka tura motar ƙofar gida aka ɗora ta a kan bulo. Ta sa aka ɗauko durom guda daga cikin hajar Alhassan, aka cika da ruwa aka jona da tiyo. Ta aika aka kira Bashir ranar hutunsa, ya zo da bel, ya haɗa bakin inji da tsohon injin markaɗen Safara'u. Ana murɗawa motar ta kama a bugu ɗaya, ta ɗauki dogon kukan nan nata, cikin natsuwa, kamar wadda aka mayar ɗakinta.

Ɗayyabu ya ce, "Gwaggo, gas ɗin da za ta sha ai ya fi kuɗin markaɗen."

"Na sani. Ko ba riba, in dai buɗe ido in ga gonata tana motsi."

Bashir ya ɗauko bulo zai ɗora a totur. Inna ta tare shi da sanda.

"Ajiye. Bulo yana da amfani, ana gini da shi. Akwai mai takawa."

Yanzu duk wanda ya bi layin 'yan durom da hantsi zai ga mata a jere da robobin tattasai da wake, hanci a toshe. Zai ga Alhassan Injiniya a kujerar direba, hannu biyu a sitiyari, ƙafa a totur, ido a kan bangon gidan maƙwabci. In Ɗayyabu ya zo ɗaukar Inna zuwa asibitin gwiwa, sai ya rage gudu ya leƙo.

"Direba, yau ina aka nufa?"

Alhassan sai ya kau da kai. Amma ranar nan wani baƙo da ya zo sayen durom ya tsaya yana kallon fentin, ya ce motar kuwa ba ta da laifi. Nan take Alhassan ya farfaɗo, ya gyara hula, ya yafito shi.

"Kai ne ka san mota. Zo, tura kanka ka dubi mita. Wata shida tana hannuna, kullum a kunne, ko kilomita ɗaya ba ta ƙara ba. Nuna mini wata motar a Kano da za ta yi haka."

Daga bayan bonet Safara'u ta ɗaga murya.

"Baban Shifa'u, taka mana! Waken mutane na jira."